Littafin kakar farko: ƙwallon gora ta mata a kan ƙanƙara, daga Ottawa

30 Disamba 2023

Jibi za a fara gasar PWHL, sabuwar gasar ƙwararrun mata ta ƙwallon gora a kan ƙanƙara a Arewacin Amurka. Ƙungiyoyi shida ne: Toronto da Montreal da Ottawa a Kanada, sai Boston da New York da Minnesota a Amurka. In ka cire Minnesota, duk sauran suna jere ne a gabas. Kowace ƙungiya za ta buga wasa 24, huɗun da suka fi maki su wuce zagayen neman kofi.

Na ware littafi na ja layuka huɗu a gaban sunan kowace ƙungiya, domin lissafin makin nan ba irin na ƙwallon ƙafa ba ne. Babu kunnen doki. Wadda ta ci wasa cikin lokacinsa tana da maki 3. In lokaci ya cika ana kai ɗaya, sai a shiga ƙarin lokaci: wadda ta ci a nan maki 2, wadda aka ci ta tsira da 1. Wadda aka doke cikin lokaci ta tashi hannu rabbana. Layuka biyun tsakiya su ne zan fi sa wa ido.

Ba wannan ne karon farko da aka kafa wa mata gasa ba. Ta Kanada, CWHL, ta durƙushe a 2019 don rashin kuɗi, 'yan wasa sama da 200 suka ce ba za su sake buga wa kowa ba sai an yi gasar da za ta riƙe mutum da albashi. Shekara huɗu suna yawon wasannin nuni daga gari zuwa gari. A tsakiyar 2023 attajirin nan Mark Walter, mai ƙungiyar Dodgers ta Los Angeles, ya saye ɗaya gasar da ta rage, PHF, ya rufe ta, aka kafa wannan. Duk ƙungiyoyin shida nasa ne. An sa hannu kan yarjejeniyar aiki ta shekara takwas tun kafin a buga wasa ko ɗaya, mafi ƙarancin albashi dalar Amurka 35,000, matsakaici 55,000. Gaggawar da aka yi ta sa ko suna da tambari ba a samu an raɗa wa ƙungiyoyin ba. Sunan gari kawai aka rubuta a karkace a gaban riga. Tamu, ta Ottawa, ja ce.

1 Janairu 2024

New York ta je har Toronto ta ci 4 da nema. Ella Shelton, 'yar baya, ita ta fara zura ƙwallo a tarihin gasar, Corinne Schroeder kuma ta hana komai shiga ragarta. Billie Jean King, tsohuwar gwarzuwar wasan tanis, na cikin waɗanda suka buɗe wasan. Ɗakin ƙarami ne, mutum 2,537 ya ɗauka. A kakar nan ana nuna kowane wasa kyauta a YouTube, sai dai wanda ke Kano ko Maraɗi zai sha rashin barci, don ƙarfe bakwai na yammanmu ƙarfe ɗayan darensa ne.

3 Janairu

Jiya muka je TD Place, gidan ƙungiyar Ottawa, ni da 'yata, kallon wasanmu da Montreal. Filin yana ƙarƙashin kujerun filin ƙwallon da ke Lansdowne, a kan titin Bank, shi ya sa rufin gefe ɗaya ya sauko ƙasa-ƙasa. Mutum 8,318, ba a taɓa tara irin wannan jama'a a wasan ƙwallon gora na ƙwararrun mata ba.

Talabijin ba ya kawo ƙarar abin. Ƙwallon faifan roba ne baƙi, daskararre, faɗinsa inci uku, in aka maka shi ya daki gilashin da ya kewaye filin sai ka ga na layin gaba sun kauce da kai ba shiri. Ƙarƙashin takalman akwai ƙarfe siriri mai kaifi, in 'yar wasa ta ci birki sai garin ƙanƙara ya tashi har gwiwa. Mutum shida-shida ne har da mai tsaron raga, turmi uku, kowane minti 20, agogo na tsayawa duk sanda alƙali ya busa. Canjin 'yan wasa kuwa ba a tsayar da wasa dominsa. Kafin minti guda ya cika waɗannan sun gaji, sun nufi benci, wasu sun tsallako katanga sun maye gurbinsu. Tsakanin turmi da turmi mota ke shigowa ta kankare filin ta shimfiɗa ruwan zafi, ta bar shi yana sheƙi kamar sabon daɓen siminti.

Na ga an tura wata cikin wani ɗan keji na gilashi, na tambayi yarinyar laifinta.

“Baba, ƙafa ta harɗe wa waccan da sanda. Minti biyu za ta zauna, su rage su huɗu.”

“To in an ci su fa?”

“Sai ta fito. Amma Baba, a wannan gasar ko su suka ci, fitowa za ta yi.”

Haka ne kuwa. Sabuwar doka ce da suka ƙirƙiro, ta fasa kurkuku: ƙungiyar da aka rage wa mutum in ta daure ta zura ƙwallo, horon ya ƙare nan take.

Wasan kansa: mai tsaron ragarmu Emerance Maschmeyer ta tare wa Marie-Philip Poulin, kyaftin ɗin Montreal, bugun daga ke sai mai tsaron gida, ɗakin ya kusa tsagewa. Hayley Scamurra ta ci mana ƙwallon farko. Sau biyu muna gaba Montreal na farkewa. Aka shiga ƙarin lokaci, wanda a nan minti biyar ne, mutum uku-uku ban da masu tsaron raga, wanda ya riga ci ya gama. Ann-Sophie Bettez ta riga mu. 3 da 2. Maki ɗaya a layi na uku.

7 Janairu

Tarihin jama'ar Ottawa kwana huɗu ya yi. Jiya mutum 13,316 suka shiga Xcel Energy Center a Saint Paul, Minnesota ta ci Montreal 3 da nema, duka ukun Grace Zumwinkle ce. Shekaranjiya kuma Emma Maltais ta Toronto ta zama wadda ta fara fasa kurkuku, a wasan da suka rama abin da New York ta yi musu.

Abin da 'yan wasan ke ta yabawa shi ne an sakar musu mara su haɗa jiki. A wasannin ƙasa da ƙasa alƙalai kan busa da zarar mace ta bangaji mace. A nan muddin faifan kike nema, kina iya matse abokiyar karawa a jikin katanga.

5 Fabrairu

Wannan ta yi ciwo. Jiya muna gaban New York 3 da nema a gidanmu, har an ci fiye da rabin turmin ƙarshe, wasu sun fara neman rigunan sanyinsu. Cikin 'yan mintoci suka farke duka ukun, Alex Carpenter ta ƙarasa mu a ƙarin lokaci.

Karo na huɗu ke nan da aka kai mu ƙarin lokaci aka ci mu: Montreal sau biyu, Minnesota, yanzu New York. Wani maƙwabcina cewa yake ai kullum muna samun maki, ba a banza muke tashi ba. Ni ba haka nake karanta littafin ba. Wasan jiya maki 3 ne a hannu ya koma 1, kuma New York da ya kamata ta tashi da sifili ta tafi da 2. A gasar ƙungiya shida da wasa 24 kacal, kowane makin da ya suɓuce maka a aljihun wadda kuke takarar gurbi da ita yake faɗawa.

Ba rashin 'yan wasa ba ne. Muna da Brianne Jenner kyaftin, da Emily Clark, da Kateřina Mrázová 'yar Jamhuriyar Cek wadda idonta ke ganin fasin da kowa bai gani ba. Mun je Toronto ranar 13 ga Janairu mun ci 5 da 1. Amma wasan uku-uku wani abu ne daban. Filin ya yi faɗi, kuskure ɗaya ya isa, wadda ta yi gaggawar harbi faifan ya dawo sai ta ga mutum biyu sun fuskanci ɗaya a bayanta. Ƙungiyoyin da suka iya shi riƙe faifan suke yi, su fita da shi waje su sake shigowa, har sai na gabansu sun gaji ba su samu damar canji ba. Mu kuwa da zafinmu muke shiga. Koci Carla MacLeod ba ta rasa murmushi gaban 'yan jarida, amma akwai aiki a gabanta.

17 Fabrairu

Jiya Toronto da Montreal suka tara mutum 19,285 a Scotiabank Arena, gidan Maple Leafs, ƙungiyar maza ta Toronto. Toronto ta ci 3 da nema. Wannan ƙungiya da ta fara kaka a gindin teburi ba a sake cin ta ba tun ƙarshen Janairu. Kristen Campbell da aka yi ta zagi a makonnin farko yanzu ragarta a kulle take, Natalie Spooner kuma ta kafa sansani a bakin ragar mutane, duk abin da ya faɗo ta tura shi ciki. A Disamban 2022 Spooner ta haihu.

An kuma yi musayar farko a makon nan. Boston ta ba Minnesota Sophie Jaques, ta karɓi Susanna Tapani 'yar Finlan da Abby Cook. Jaques ita ce baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Patty Kazmaier ta gwarzuwar jami'o'in Amurka, a 2023, amma a Boston ba ta samu kanta ba.

24 Maris

Azumi ya sauya mini tsari. Wasannin ƙarfe bakwai suna cin karo da buɗa-baki, don haka sai bayan asham nake zama in kalli maimaici in cika littafi, bayan na roƙi yaran gida kada wanda ya faɗa mini sakamako.

Ranar 16 aka kai wasanmu da Boston Detroit, mutum 13,736, wanda ya zama sabon tarihi a Amurka. Aka tashi 1 da 1, ƙarin lokaci bai raba ba, Boston ta ci a bugun daga ke sai mai tsaron gida. Layi na uku ya sake samun baƙo.

Jiya dai mun huce. Toronto ta zo da nasara 11 a jere, muka karya ta 5 da 3, Daryl Watts ta ci uku. Abin da ke ɗaure kai da wannan ƙungiya ke nan: in za ta ci ka, cikin lokaci za ta ci ka, ko kai ne na ɗaya.

Ba ko'ina ake cika ba fa. New York ba ta da gida ɗaya, tana yawo tsakanin Bridgeport ta jihar Connecticut da UBS Arena, kuma akwai daren da 'yan kallo ba su kai dubu ba a Bridgeport. Boston ma a Lowell take wasa, nesa da tsakiyar birni. Hotunan manyan ɗakuna cike suna da daɗin yaɗawa, amma daren Laraba a Bridgeport shi ne zai nuna ko gasar ta kafu.

15 Afrilu

An dakatar da gasa saboda gasar duniya a Utica ta jihar New York. Jiya Kanada ta ci Amurka 6 da 5 a wasan ƙarshe, a ƙarin lokaci. Wata ɗalibar jami'ar Colgate, Danielle Serdachny, ita ta ci ta ƙarshen.

21 Afrilu

Bell Centre, Montreal, mutum 21,105. Babu ɗakin wannan wasa da ya fi shi girma a Arewacin Amurka, don haka a nan tseren kafa tarihi zai tsaya. Sarah Nurse ta ci wa Toronto daƙiƙa 13 da shiga ƙarin lokaci, 3 da 2. Na duba layin Toronto na uku: har yau fari fat.

6 Mayu

An gama zagayen farko jiya, kuma ba mu wuce ba.

Minnesota ta yi mana duk alfarmar da ake yi wa mutum. Tun da aka dawo daga gasar duniya ta sha kashi sau biyar a jere, ko maki ɗaya ba ta ƙara ba. Mu kuma muka zubar da wasanni ukun ƙarshe ba maki. Jiya a Toronto sai mun ci cikin lokaci za mu wuce, aka ci mu 5 da 2.

Teburi: Toronto 47, Montreal 41, Boston 35, Minnesota 35, Ottawa 32, New York 26.

Ga abin da littafin ya nuna. Boston da Minnesota da Ottawa, kowace ta ci wasa 8 cikin lokaci, kowace an ci ta 9 cikin lokaci, kowace ta shiga ƙarin lokaci sau 7. Boston ta ci 4 a cikin bakwan nan, Minnesota ta ci 4, Ottawa ta ci 1. Tazarar maki ukun ke nan, babu wani abu bayan wannan. Wata huɗu ana tafiye-tafiye cikin dusar ƙanƙara, abin da ya raba ƙungiyoyi uku shi ne 'yan mintocin da ake bugawa bayan an gama wasa. Toronto ta shiga sau 4 ta ci duka.

Spooner ta ƙare da ƙwallo 20 a wasa 24. Jimillar 'yan kallo a wasanni 72 ta kai 392,259.

Akwai wata dokar kuma: ta ɗaya ita ke zaɓar wadda za ta kara da ita tsakanin ta uku da ta huɗu. Yau Toronto ta zaɓi Minnesota. A takarda babu abin zargi, Boston na kan ganiyarta, Minnesota kuwa ta jingina ne da faɗuwarmu ta shiga. Sai dai ka nuna mutum da yatsa a bainar jama'a ka ce shi ne mai sauƙin, ka riga ka rubuta wa kocinsa jawabin da zai yi a ɗakin sauya kaya.

18 Mayu

Wadda ta riga cin wasa uku ita ke wucewa. A wannan mataki babu uku-uku, babu bugun daga ke sai mai tsaron gida. Turmin minti 20 ake ta ƙarawa, biyar-biyar, har sai wata ta ci.

Boston ta share Montreal 3 da babu, kuma duka ukun a ƙarin lokaci. Montreal ce ke da faifan kusan koyaushe, amma Aerin Frankel, mai tsaron ragar Boston, ta tare harbi 53 a wasan farko, 56 a na biyu. Na biyun sai a turmin ƙari na uku Taylor Wenczkowski ta raba gardama, kusan wasa biyu ke nan a dare ɗaya. Na farko da na uku Tapani ce ta ci, wadda aka karɓo a musayar Fabrairu. Montreal ta ɗora nauyin a kan 'yan tsirarun manyanta, su Poulin da Erin Ambrose, masu zaman benci suna kallo, kuma a wasan da ya ƙi ƙarewa ƙafafu ne ke fara ba da kai.

Toronto ta fara da 4 da nema, ta ƙara 2 da nema, kowa ya ce zaɓi ya yi kyau. A wasa na uku a Saint Paul Spooner ta ji rauni a gwiwa, ba ta sake dawowa ba. Minnesota ta ci 2 da nema. Na huɗu aka kai turmin ƙari na biyu ba ci, Claire Butorac ta tura shi. Jiya a Toronto Minnesota ta ci 4 da 1, Taylor Heise da biyu. Ƙwallo ɗaya tak Toronto ta ci a wasanni ukun ƙarshe. Ta ɗaya da ta biyu duk sun fita, masu maki 35 su za su yi wasan ƙarshe.

27 Mayu

Boston ta ci na farko 4 da 3, Minnesota ta ci na biyu 3 da nema, na uku 4 da 1. Jiya a Saint Paul kofin gasar, wato kofin Walter, na cikin ɗakin, mutum sama da 13,000 na jira.

Turmi uku ba ci. Turmin ƙari na farko ba ci. Can ƙarshen na biyu Heise ta kutsa ta gefe ta zame, faifan ya dawo wa Jaques, ta harba ya shiga ragar ƙungiyar da ta sallame ta. 'Yan Minnesota suka tsallako katanga, aka yi jifa da safar hannu da sanduna da hulunan kwano, aka rungume juna. Alƙalai kuwa suna gefe sun sunkuya a kan allon bidiyo. Heise da ta zame ta faɗa kan Frankel kafin faifan ya shiga, kuma doka ta hana a tare mai tsaron raga. Aka soke.

Na daɗe ban ga abu mai ban tausayi irin na mintocin da suka biyo baya ba: manyan 'yan wasa suna bin filin ɗaya bayan ɗaya, kowa na duba wace safa ce tata, wace sanda ce tata. Ta leƙo ta koma. Minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi da ci gaba da wasa, Alina Müller ta Boston, 'yar Suwizalan, ta ɗaga faifan sama da kafaɗar Nicole Hensley, mai tsaron ragar Minnesota. 1 da nema. Boston ta shiga ƙarin lokaci sau huɗu a wannan zagaye, ta ci duka huɗun.

Hukuncin daidai ne a ganina, ko da yake ɗakin bai yarda ba.

30 Mayu

Minnesota ba ta bari an kai inda Boston ta fi ƙarfi ba. Jiya a Lowell ta ci 3 da nema. Liz Schepers ta buɗe, ƙwallonta na farko a duk kakar. Michela Cava ta ƙara. Da Boston ta cire mai tsaron raga don ƙara mai kai hari, Kendall Coyne Schofield ta tsere da faifan ta zuba a raga ba kowa. Ita ce kyaftin, ita ta fara ɗaga kofin, kuma tana cikin waɗanda suka ja ragamar ƙauracewar 2019 har aka kai ga yarjejeniyar bara. A Yulin 2023 ta haihu. Harbi 17 kawai Boston ta iya kai wa Hensley. An ba Heise kyautar gwarzuwar zagayen.

11 Yuni

Ko mako biyu ba a yi da ɗaukar kofi ba hukumar gasa ta raba Natalie Darwitz da kujerar manajan Minnesota, ita da ta haɗa ƙungiyar tun daga tushe. Da yake mutum ɗaya ne ya mallaki kowa, babu mai ƙungiyar da magoya baya za su tuhuma, hukumar ce ke naɗawa ita ke saukewa. Wannan tsari ya taimaka wajen tashi da wuri, amma zai riƙa haifar da irin wannan gunaguni.

Jiya aka yi zaɓen sababbin 'yan wasa a Saint Paul. A nan zama na ƙarshe ba ya ba ka zaɓin farko kai tsaye: makin da ka tara bayan an tabbatar ka fita shi ake ƙirgawa, don kada wata ta riƙa faɗuwa da gangan. New York ce ta samu, ta ɗauki Sarah Fillier ta jami'ar Princeton. Mu da sai ranar ƙarshe muka fita muka zo na biyu, Ottawa ta kira sunan Danielle Serdachny, wadda ta ci Amurka a ƙarin lokaci a Utica. Saura batun Daryl Watts, wadda kwantiraginta na shekara ɗaya ya ƙare, kuma ba mu kaɗai ke son ta ba.